Adakar Kawu da Mujallun Siririn Fim

A cikin watan Agusta na shekarar 2019, kwana 40 bayan rasuwar kawuna, wato ƙanen mahaifiyata, na tafi unguwar Sabo ta birnin Ibadan domin a yi masa addu'a, a kuma raba ɗan abin da ya bari. Kawu mai gyaran agogo ne, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san ba ta tara wa mai ita dukiyar da magada za su ɗaga wa juna murya a kanta. Kafin la'asar an gama rabo. Ina shirin yin sallama sai matarsa, wadda muke kira Hajiya, ta aiko yaro ya kira ni cikin gida. Na same ta zaune a bakin ƙofar ɗaki, a gabanta ga wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda tsatsa ta cinye gefunanta.

"Malam," in ji ta, "ga tarkacen kawunka nan. Tun yana da rai ya ce kada a ba kowa sai kai, don kai ne mai son takardu, kuma yaran duk sun yarda. Ka ɗauke abinka, ni dai na gaji da share masa ƙura."

Da na ɗaga murfin, abin da ya fara dukan hancina shi ne wani wari mai tsami. A sama akwai ƙaramar kyamara mai mariƙi irin na bindigar hannu, a ƙarƙashinta kuma ga majigi naɗe cikin tsohon zane. Sai faya-fayan fim guda 31, kowane bai wuce tafin hannu ba, kowane cikin ɗan kwalinsa mai ruwan ɗorawa. Sauran adakar kuwa, fiye da rabinta, mujallu ne na Turanci, an ɗaɗɗaure su da igiya shekara-shekara. Can a ƙasa, cikin wani gwangwanin madara, na tarar da ɗan akwatin baƙar roba guda ɗaya, wanda zan dawo kan labarinsa nan gaba.

Kyamarar da majigin na san su tun ina yaro. Mujallun ne ban taɓa lura da su ba, kuma su ne dalilin wannan ɗan rubutu. Na shafe fiye da shekara 15 ina koyar da adabi, ina nanata wa ɗalibai cewa babu mai fasahar da ya faɗo daga sama, kowa da makarantar da ta rene shi. Ashe misalin yana cikin gidanmu, a ɗaure da igiya, ban sani ba.

Mene ne siririn fim?

Kasancewar yawancin masu karanta wannan mujalla sun buɗe ido ne a zamanin wayar hannu, ya kamata in yi ɗan bayani. Fim ɗin da ake nunawa a manyan gidajen silima a ƙarni na 20 wani dogon zare ne mai jerin hotuna, faɗinsa milimita 35. Yana da tsada, na'urorinsa suna da nauyi, kuma har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin sa ne da wani sinadari mai saurin kama wuta. Saboda haka ba abu ne da magidanci zai ajiye a ɗaki ba.

A shekarar 1922 kamfanin Pathé na Faransa ya fito da fim mai faɗin milimita 9.5 domin amfanin gida, wanda hujin da haƙoran na'ura ke kamawa yake a tsakiya, tsakanin hoto da hoto. A 1923 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da mai milimita 16, wanda ba ya kama wuta kamar na silima. A 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, Kodak ya ƙara tsuke shi zuwa milimita 8 don ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi sauƙi. Sai kuma 1965, shekarar da aka fito da Super 8, wanda aka ƙanƙanta hujinsa don hoton ya ƙara girma, aka kuma rufe zaren cikin ɗan akwatin roba, ta yadda sai dai kawai a jefa shi cikin kyamara a rufe. Kawu ƙwanso yake kiran wannan ɗan akwati, ni ma haka zan kira shi. Waɗannan duka su ake nufi da siririn fim.

Akwai lissafin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ƙwanso ɗaya yana ɗauke da zare mai tsawon ƙafa 50, wato kimanin mita 15, mai hotuna 3,600. Kyamara tana cin hoto 18 a kowace daƙiƙa. Ke nan iyakar abin da mutum zai ɗauka shi ne minti 3 da daƙiƙa 20. Ba a gogewa, ba a maimaitawa, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an aika an wanke. Irin na Kawu babu ma sauti a jikinsa. Fim mai launi da ya fi amfani da shi, wato Kodachrome, ana sayar da shi ne haɗe da kuɗin wanki da 'yar jakar takarda; sai ya rubuta adireshi, ya aika Ingila, ya zauna jira wata guda ko biyu kafin ya san ko ya yi daidai ko ya yi ɓarna.

Makarantar da ke zuwa ta gidan waya

Mutumin da ke cikin irin wannan hali yana buƙatar malami, domin kuskurensa da kuɗi yake saye. Wannan buƙata ce ta haifar da mujallun masu sha'awar siririn fim. A Amurka, ƙungiyar Amateur Cinema League, wadda Hiram Percy Maxim ya jagoranci kafa ta a birnin New York a 1926, ta riƙa buga mujallar da aka fi sani da Movie Makers har zuwa 1954. A Ingila, Amateur Cine World ta fara fitowa a 1934, ta ci gaba har 1967, inda Movie Maker ta gaje ta. A Jamus akwai Schmalfilm, wadda ma'anar sunanta ke nan, siririn fim, ta kuma shafe fiye da shekara 60 tana fitowa kafin ta tsaya a 2013. Waɗanda ke cikin adakar Kawu su ne na Ingila guda biyun nan.

Na kwashe hutun ƙarshen shekara guda ina karanta su, kuma zan iya cewa tsarinsu bai cika canzawa ba. Akwai filin gwajin na'urori, inda ake kwance sabuwar kyamara ko majigi a faɗi ƙarfinta da rauninta dalla-dalla. Akwai filin tambaya da amsa. Akwai darussa kan yadda ake yanka zare a liƙa shi da gam, da yadda ake rubuta sunan fim a allo a ɗauka, da dabarun daidaita majigi da rakoda don sauti ya tafi tare da hoto, wanda ya kasance babban ciwon kan mutanen wancan lokaci. Akwai labaran ƙungiyoyi daga ƙananan garuruwa, sai kuma shafukan baya na ƙananan tallace-tallace, inda wani ke neman musanya gilashin kyamara da rakoda, wani kuma ya gaji da harkar yana sayar da komai.

Filin wasiƙu shi ya fi ba ni nishaɗi. A nan ne ake gwabza abin da za a iya kira rikicin mazhabobi. Masu milimita 9.5 suna ganin kansu a matsayin 'yan tsirarun da ke kan gaskiya, waɗanda kasuwa ta zalunta. Masu tsohon milimita 8 suna zargin Super 8 da cewa dabara ce ta sa mutane su zubar da na'urorinsu su sayi sababbi. Masu milimita 16 kuwa suna kallon kowa a raine. Duk wanda ya taɓa halartar muhawarar masana kan ƙa'idojin rubutun Hausa zai gane wannan yanayi, inda zafin gardama ke nuna zurfin ƙauna.

Bugu da ƙari, kowace shekara akan yi gasar zaɓen fina-finai 10 da suka fi kyau. Ƙungiyar Amurka ta fara tata a 1930, mujallar Ingila ma ta yi tata shekara da shekaru. Wannan gasa ta zama tsani ga wasu. Alal misali, Peter Watkins ya yi fice a cikinta da fim ɗinsa The Forgotten Faces, inda ya sake tsara boren ƙasar Hangari na 1956 a lungunan garin Canterbury tare da 'yan wasan sa-kai. Daga nan ya samu aiki a BBC, har daga baya fim ɗinsa The War Game ya ci kyautar Oscar a 1967. To, amma irin su Watkins 'yan kaɗan ne. Yawancin masu karatun likitoci ne da akawuna da malaman makaranta da masu kanti, waɗanda iyakar burinsu shi ne su ɗauki bikin 'yarsu ko tatatar jikansu yadda baƙo zai kalla ba tare da ya yi hamma ba.

Ga waɗannan, mujallun suna maimaita wasu 'yan ƙa'idoji kamar karatun allo. Ka riƙe kyamara cik, in da hali ka ɗora ta kan mazauni mai ƙafa 3. Kada ka riƙa yawo da ita hagu da dama kamar mai ba lambu ruwa da mesa. Ka matsa kusa da fuska. Kada ka saki maɓalli kafin mai kallo ya gane abin da yake gani. Ka tsara abin da za ka ɗauka tun kafin ka fita daga gida. In fim ya dawo daga wanki, ka rubuta rana da wuri da sunayen mutane a jikin kwali.

Ɗalibi a gefen shafi

Yadda Kawu ya shiga wannan makaranta, kamar yadda Hajiya ta ba ni labari, shi ne ta hannun wani Bature malamin makaranta da ke kawo masa gyaran agogo. A 1974, da Baturen zai koma gida, sai ya sayar masa da kyamara da majigi, ya ɗora masa tulin tsofaffin Amateur Cine World a matsayin gyara. Daga baya Kawu ya shirya da wani kantin littattafai a Dugbe, suna ajiye masa Movie Maker, wadda kan iso bayan wata biyu ko uku da fitowarta. Iyakar bokonsa firamare ce, don haka da ƙamus a gefe yake karatu. Mutumin da ya saba zura ido cikin hanjin agogo ba ya tsoron ƙananan haruffa.

Abin da ya sa waɗannan mujallu suka fi ƙarfin takardun ƙunsa ƙosai shi ne rubutun da ya yi musu a gefe da fensir, wani da boko, wani da ajami. Da farko fassarar kalmomi ce kawai. Amma daga wajen 1977 sai rubutun ya canza, ɗalibi ya fara mayar wa malami magana. A gefen wani darasi kan auna haske ya rubuta: "Wannan na ƙasarsu ne. A nan a ƙara buɗe ido." Abin da yake nufi shi ne, kyamarar tana auna haske da kanta, to idan ta ga ranar Ibadan ta daki fararen riguna, sai ta tsuke idonta, fuskokin mutanenmu su fito kamar inuwa, babu ido babu baki. Marubutan Landan ba su da wannan matsala, saboda haka ba su yi maganarta ba. Kawu da asarar ƙwanso biyu ya gano maganinta. A wani wuri ya rubuta cewa safiyar hunturu ta fi kowane lokaci kyau, domin ƙura tana tace rana. A wani wurin kuma ya yi gargaɗi kan fumfunar da ke cin gilashin kyamara da damina, ya ce a ajiye ta cikin gwangwani mai murfi tare da busasshiyar shinkafa.

A bayan bangon wata fitowa ta 1979 na ga lissafin da ya fi komai bayyana mini halinsa. Tsarin ɗaukar Babbar Salla ne, kowane abu da adadin daƙiƙoƙinsa: raguna a kasuwa, 12, fitowa daga idi, 20, hannun mahauci, 6, yara da ƙoƙon nama, 10, haka har ƙasa. Na haɗa jimla, ta ba ni 200 cif, wato minti 3 da daƙiƙa 20. A matsayina na mai koyar da rubutacciyar waƙa, na gane wannan aiki nan take. Shi ne aikin marubucin da ya san baiti yana da iyaka, kari ba ya ɗaukar gaɓar da ta wuce ƙima, don haka dole kowace kalma ta biya kuɗin mazauninta.

Har ila yau, na tarar da wata wasiƙa da ya rubuta wa edita da Turancinsa mai ɗingishi, ya gyara ta har sau uku a takardu daban-daban. A ciki ya gabatar da kansa a matsayin mai karatu daga Nijeriya, ya bayyana abin da ya gano game da baƙar fata da farar riga, ya kuma tambaya ko akwai wasu masu wannan sha'awa a Afirka ta Yamma da za su so a riƙa musayar wasiƙu. Kwafin ƙarshe yana nan cikin ambulan, da adireshi, babu kan sarki. Na daɗe ina juya wannan ambulan a hannuna. Shekara 11 yana zaune a majalisar mutanen nan, ya san gardandaminsu da barkwancinsu, yana da abin da zai ƙaru da su, amma kunya ko shakkar Turancinsa ta hana shi yin ko tari su san yana wurin.

Majigin Kawu

Mutanen Sabo sun san majigi tun na motocin gwamnati masu yawo gari-gari suna nuna darasin tsafta da noma, sun kuma san silima ta fina-finan Indiya. Abin da ba su saba da shi ba shi ne su ga kansu. Ranar da faifai ya dawo daga Ingila, in an yi sa'a akwai wuta, Kawu kan rataya farin zanen gado a bangon tsakar gida bayan sallar isha'i. Har yau ina jin ƙarar majigin a kunnena, kamar ta keken ɗinki. Tun da babu sauti, 'yan kallo ne ke cike gurbin, kowa na kiran sunan wanda ya gani, yara na ihu in sun hango kansu. Na tuna daren da wani dattijo ɗan kasuwar goro ya ga amininsa da ya rasu wata uku kafin nan yana tafe a jikin zane yana gyara hula. Tsohon ya miƙe tsaye yana salati, ya roƙi a sake, aka sake masa har sau huɗu.

Ba kowa ne ya yarda da abin ba. Akwai malaman da ke ƙyamar hoto, akwai magidantan da ba sa so a ɗauki iyalinsu, kuma Kawu bai taɓa ɗaukar wanda bai ba shi izini ba. Cikin masu ƙi har da yayarsa, wato mahaifiyata. Da zarar ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Da na sa aka mayar mini da faya-fayan nan zuwa na'urar zamani, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nemanta. Guda 6 sun riga sun lalace, su ne masu warin tsamin nan, domin zafi da laima suna sa zaren ya riƙa ruɓewa yana fitar da tsami har ya nannaɗe. Sauran 25 kuwa launinsu tas, kamar jiya aka ɗauka. A cikinsu duka abin da na samu nata shi ne hannu yana miƙa kwano, sai kuma bayanta tana shiga ƙofa. Ta rasu a 1986 ina da shekara 7, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Harkar Kawu ta mutu ne a hankali. Matakan tsuke bakin aljihu na 1982 sun sa kayan waje wuya, faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙarasa sauran. A can ƙasashen da ake buga mujallun ma, kyamarar bidiyo ta riga ta shigo, mai ɗaukar sa'o'i a kaset ɗaya, a goge a sake. Mutum yana iya ganin wannan sauyi a shafukan Movie Maker na ƙarshe-ƙarshe, yadda tallan bidiyo ke cin fili wata bayan wata, masu wasiƙu na kuka. A 1985 mujallar ta daina fitowa da wannan suna, kuma a wannan shekarar ce ɗaurin ƙarshe na adakar Kawu ya tsaya.

Ƙwanson cikin gwangwani

Yanzu sai in koma kan ɗan akwatin baƙar robar nan. Ƙwanso ne na Kodachrome, an ɗauke shi har ƙarshe, ba a wanke ba. A jikinsa an liƙa 'yar takarda da rubutun Kawu: "Layya 1985. Yaya ta yarda." Wannan ita ce sallar da aka wayi gari da juyin mulki a cikinta, ranar 27 ga Agusta. Da na karanta kalmomin nan uku na ƙarshe, sai da na nemi wuri na zauna.

Na koma wurin Hajiya na tambaye ta dalilin da ya sa bai aika ba. Ta ce, "Da farko tsoro ne, don wani ya taɓa ɓace masa a hanya a shekarar, ya ce sai ya sami mai tafiya ya ba shi hannu da hannu. Ana cikin haka Allah Ya yi mata rasuwa. Daga nan in na yi masa maganar sai ya ce a bari tukuna. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa a bari tukuna."

Jiran ya yi tsada. Shi Kodachrome launinsa ba a jikin zaren yake ba, a wurin wanki ake shigar da shi ta wata hanya mai matakai da yawa, wadda sai manyan ɗakunan wanki ke iyawa. An daina yin fim ɗin a 2009, kuma ɗakin wanki na ƙarshe a duniya, wanda ke garin Parsons na jihar Kansas a Amurka, ya rufe karɓar aikin a ƙarshen Disamba na 2010. Ke nan na makara da shekara 9. Abin da ya rage shi ne a wanke shi baƙi da fari, kuma wanki sau ɗaya ne. In hoton ya riga ya dushe saboda shekara 34 na zafin Ibadan, shi ke nan, babu ƙwanso babu hoto. Nan na fahimci "a bari tukuna" ɗin Kawu, domin ni ma sai da na ajiye shi a aljihun teburina shekara biyu ina kallo.

A ƙarshen 2021 na daure na ba wani abokin aikina mai tafiya Kanada, ya miƙa shi ga wani ƙaramin ɗakin wanki da ya ƙware kan tsofaffin fina-finai. Bayan wata huɗu sakamako ya zo. Na rufe ofis, na kunna kwamfuta. Minti biyu na farko hazo ne zalla, kamar hunturun da ya rufe gari, sai wasu inuwoyi da ke giftawa ba a gane ko mutum ne ko rago. Na riga na sallama. Sai ga ƙofar ɗaki ta bayyana, dishi-dishi, da mace a tsaye a bakinta, hannunta a kafaɗar wani yaro mai babbar hula. Kyamarar ba ta motsa ba. Sannan aka matso kusa da fuska. Ta ɗaga hannu za ta ja mayafi, sai ta fasa, ta sauke shi, ta yi dariya tana faɗa wa mai ɗauka wata magana da ba zan taɓa ji ba. Na ƙirga, daƙiƙa 14 ne.

Cikin 'yar takardar da mai wankin ya haɗo da ita, ya ce hoton ya yi rauni ƙwarai, kuma wannan yanki ya tsira ne saboda wanda ya ɗauka ya riƙe kyamara cik, ya matsa kusa, ya kuma ba fuskar isasshen haske. Biyu na farko daga shafukan mujallun nan Kawu ya koye su. Na ukun kuwa daga gefen shafi ne, inda ya gyara wa malamansa karatu.

Kammalawa

Har yanzu ana yin fim ɗin Super 8, kuma akwai 'yan tsirarun masu sha'awarsa a ƙasashe da dama, har da ƙananan mujallunsu. Amma ba ina kira ga ɗalibai su koma ga ƙwanso ba ne. Roƙona biyu ne. Na farko, duk wanda ke da tsohuwar adaka a gidansu, a Sabo ko Agege ko wani zango, ya buɗe ta tun kafin tsami ya riga shi. In ya sami faifai, kada ya yi garajen saka shi a tsohon majigi, domin yana iya tsinkewa. Ya ware masu wari daga masu lafiya, ya ajiye a wuri mai sanyi marar laima, ya nemi dattijan da za su gaya masa sunayen mutanen ciki tun suna raye. Tarihin zaman Hausawa a kudu da yawansa yana cikin irin waɗannan kwalaye, ba a rubuce ba. Na biyu, wayar da ke aljihunka tana iya ɗaukar abin da ya fi faya-fayan Kawu duka a yini ɗaya. Ka tambayi kanka, cikin ɗaruruwan bidiyon da ke cikinta, guda nawa ne ka tsaya cik ka ɗauki fuskar mahaifiyarka, ka rubuta rana da wuri, ka ajiye inda jikanka zai same shi.

Mujallun suna nan a ofishina, na sake ɗaure su da sabuwar igiya, kuma ƙofa a buɗe take ga duk ɗalibin da ke son dubawa. Wasiƙar nan marar kan sarki tana saman ɗaurin farko. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya jiƙan Inna, Ya kyautata namu zuwan, amin.